Gwana a Bencin Ƴan Koyo: Ladi Kwali da Keken Ginin Tukwane

Randa da tulun da ake shan ruwa a cikinsu a Kelle, ta yankin Gure, ginin hannu ne, haka ma tukwanen Mirya da suka yi suna a faɗin Damagaram. Keken gini, wato faifan da ake juyawa da ƙafa yumɓu na tashi a tsakanin tafuka, baƙo ne a ƙasashenmu. Mai son sanin yadda aka fara koyar da shi sai ya leƙa tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, garin da Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauki wani magini Bature, Michael Cardew, almajirin Bernard Leach na Ingila. Ya zaga ƙasa, ya ga tukwanen gargajiya, ya kuma fahimci cewa wajen girki a kan murhu da sanyaya ruwa ba su bukatar gyaran kowa. Makarantar da ya buɗe a Abuja a farkon shekarun 1950 wata sana'a ce daban: kwanoni da kofuna da butoci masu ƙyalli, waɗanda ake gasawa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200.

A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya ga aikin Ladi Kwali, Bagwariya wadda ta koyi gini tun tana yarinya a wurin wata ƴar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Abin lura a nan, gwana ce aka mayar ƴar koyo. A ginin da ta gada, tukunya na tsaye, magina na zagaya ta tana ɗora yumɓu zobe-zobe. A kan keke kuwa tukunyar ke gudu, mai gini ya tsaya cik. Darasin farko shi ne a daidaita curin yumɓu a tsakiyar faifai. In ya kauce ko da kaɗan, bango zai yi rawa ya rushe. Sai a huda tsakiya da babban yatsa, a ja bango sama da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa kuma ba ta daina aiki ba. Hannun da ya saba aiki a hankali shi ya fi wahalar karɓar wannan sauri.

Ta iya, ta ƙera kwanoni da kofuna. Amma manyan randunan da suka kai sunanta Landan a 1958 da hannu ta gina su, ta zana musu ƙadangare da kunama da kifi, kana aka shafe su da ƙyalli. Kyansu ba gardama, sai dai sun yi nauyi, kuma ba sa tsattsafo, randar da ba ta tsattsafo kuwa ba ta sanyaya ruwa. Sun tashi daga gindin inuwa sun koma falon masu kuɗi.

Cardew ya bar Abuja a 1965. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.