Daga "sus" zuwa warin wiwi

Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A Ingila kuwa zato ya taɓa zama doka sukutum. Mutanen unguwa suna kiranta "sus", gutsuren kalmar zargi ta Turanci. Asalinta sashe na 4 ne na dokar 'yan gararamba ta 1824, wanda ya ba ɗan sanda ikon cafke mutum don kawai take-takensa sun yi masa kama da na mai shirin ɓarna. Samari baƙar fata na Landan su suka fi ɗanɗana kuɗarta, har aka soke ta a 1981, shekarar tarzomar unguwar Brixton ta Landan.

Lafazin da ake aiki da shi yau shi ne zargi mai dalili. Da shi sashe na 23 na dokar miyagun ƙwayoyi ta 1971 ya halatta a tare mutum a caje shi. Ƙa'idojin dokar 1984 da ake kira PACE sun fayyace cewa launin fata, shekaru, sutura ko tsohon laifi ba dalili ba ne. Kafin ɗan sanda ya sa hannu a aljihunka, sai ya faɗi sunansa, ofishinsa, abin da yake nema da hujjarsa.

To, "na ji warin wiwi" fa, dalili ne ko zato? Nan gizo ke saƙar. Kyamarar da ke maƙale a ƙirjin ɗan sanda tana ɗaukar hoto da murya, ba ta ɗaukar wari, kuma kafin a je gaban alƙali iska ta tafi da shi. A Yulin 2020 an tare 'yar tseren Birtaniya Bianca Williams da abokin zamanta Ricardo dos Santos a Landan, jaririnsu yana cikin mota. An sa musu ankwa, an caje motar, ba a samu komai ba. A 2023 aka kori jami'ai biyu bisa cewa sun yi ƙaryar jin warin wiwi, a 2024 suka ɗaukaka ƙara aka mayar da su bakin aiki.

Kwalejin 'yan sandan ƙasar ta ja kunnen jami'ai kada su dogara da wari kaɗai. Amma jan kunne ne kawai, doka ba ta hana ba. A ganina ta wannan kafar ce tsohon zaton nan na 1824 yake ci gaba da leƙowa, sanye da rigar dalili.