Gasar Kamfanonin Fatu a Arewacin Kanada

A 1670 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya mallaka wa kamfanin Hudson's Bay cinikin fatun biba, dabbar ruwa da Turawa ke yin huluna da gashinta. Kamfanin ya kafa sansanoni a bakin teku yana jiran mafarauta. Daga 1779 fataken Montreal na kamfanin North West suka riƙa kutsawa cikin daji da kwale-kwale, suna tare hajar tun daga tushe. Ɓangarorin biyu sun yi ta zuba wa 'yan ƙasa barasa, abin da ya ɗaiɗaita iyalai. Rikici kan busasshen naman ɓauna, guzurin matuƙan kwale-kwale, ya kai ga arangamar Seven Oaks a 1816, inda aka kashe Gwamna Robert Semple na kamfanin Hudson's Bay da mutanensa 20. Asara ta sa kamfanonin suka haɗe a 1821.