Jikan Katsinawa a Kan Jirgin Filafilai

Daga Kazaure zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma ruwan da mutumin Roni ko Gwiwa ya saba da shi bai wuce na madatsa da kwalekwalen masunta ba. Amma hanyar fataken goro, wadda ta tashi daga Kano da Katsina ta nufi Gwanja, ta taɓa jefa wani mai jinin ƙasar nan cikin duniyar manyan jiragen iska. Sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Zugu, garin da ake kira Djougou a Jamhuriyar Benin ta yau, wajen shekarun 1820. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce.

Wajen 1845 aka kama shi, aka gangara da shi gaɓar teku, aka loda shi a jirgin bayi zuwa Pernambuco ta ƙasar Brazil. Ya fara bauta a hannun wani mai gasa burodi, daga baya aka kai shi Rio de Janeiro, inda kyaftin Clemente José da Costa ya saye shi don aiki a jirginsa mai suna Lembrança.

Jirgi irin wannan ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Yana da jigo uku, wato dogayen itatuwa da aka kafa a tsaye. Na gaba da na tsakiya suna ɗauke da filafilai masu kusurwa huɗu, a rataye jikin sanduna da aka gicciye, na baya kuwa filafilinsa yana bin tsawon jirgin. Igiyoyi kashi biyu ne: akwai na dindindin da ke riƙe jigo, waɗanda ake shafa wa kwalta don kada su ruɓe, akwai kuma waɗanda ake ja ana saki don buɗe filafili ko juya shi. Kowace igiya da sunanta da turken da ake ɗaure ta, kuma dole ɗan koyo ya iya laluben ta cikin duhun dare, domin sakin wadda ba ita ba yana iya yaga filafili ko karya sanda. In hadari ya taso, sai matuƙa su hau sama, su tsaya kan igiya guda da ke ƙarƙashin sandar, su naɗe jiƙaƙƙen zane mai nauyi da hannu, jirgi yana tangaɗi da su. Ana raba ma'aikata gida biyu, suna karɓa-karɓa duk bayan awa huɗu, dare da rana.

Babu makarantar wannan sana'a sai jirgin kansa, kuma daga ƙasa ake farawa. Baquaqua ya fara da goge tagullar jirgi da wanke wuƙaƙe da cokula, har ya kai ga kula da abinci da hidimar kyaftin. Ya yi tafiye-tafiye a gaɓar Brazil zuwa Rio Grande do Sul, inda ake ɗauko busasshen nama. Abin da ya samu a nan ya fi aikin hannu. Bawan gona ba ya sanin abin da ke bayan shingen ubangidansa, amma bawan jirgi yana cuɗanya da matuƙan ƙasashe dabam-dabam, yana jin labarin tashoshi da dokokinsu.

A 1847 Lembrança ya ɗauki buhunan kofi ya nufi New York, inda aka riga aka haramta bauta. Wani Bature ɗan Ingila da ke cikin jirgin ya koya masa kalmarsa ta farko ta Ingilishi, mai ma'anar 'yanci. A wannan tafiya ya sha bulala mai tsanani a hannun kyaftin. Sun isa a watan Yuni, masu yaƙi da bauta suka kai maganarsa da ta wani abokin bautarsa kotu. A nan aikin da ya koya ya zame masa tarko: alƙali ya ɗauke su a matsayin ma'aikatan jirgi, kuma yarjejeniyar Amurka da Brazil ta wajabta mayar da matuƙin da ya gudu ga kyaftinsa. Suna tsare ana jiran ƙarshen shari'a, sai suka sulale daga gidan kaso a watan Agusta, aka bi da su Boston, daga can Haiti.

Baquaqua ya komo Amurka ya yi karatu a wata kwaleji da ke McGrawville, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Shekara guda bayan haka ya tsallaka zuwa Liverpool yana neman hanyar komawa Afirka, kuma labarinsa na ƙarshe a rubuce na 1857 ne. Jirgin iska ne ya raba shi da gida, jirgin iska ne kuma ya kai shi tashar da ya kuɓuta daga hannun ubangidansa.