Kwandon 1904 a Kasuwar Yaƙi

Wannan makon za mu leƙa Birtaniya, mu ga yadda ma'aunin tsadar rayuwa ya taɓa rabuwa da abin da ke faruwa a kasuwa.

Masu auna hauhawar farashi sukan haɗa kwandon kayan da iyali ke saye, su ba kowane kaya nauyi gwargwadon kuɗin da yake ci, sannan su riƙa bin farashinsa wata-wata. Birtaniya ta fara wannan awo a 1914, da nauyin da ta ɗauko daga binciken gidajen ma'aikata na 1904. Abinci ya kwashe kashi 60 cikin 100, kuma har kyandir yana cikin kwandon.

Shekaru suka ja, lantarki ya shiga gidaje, kwando bai canza ba. An yi sabon bincike a 1937 zuwa 1938, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke kafin a yi aiki da shi.

Yaƙi ya sauya cefane dare ɗaya. Daga Janairun 1940 sai da kati ake sayen sukari da man shanu, a 1941 tufafi suka bi sahu. Ga shi albashin ma'aikata da yawa a ɗaure yake da wannan ma'auni: in ya hau, sai an ƙara musu kuɗi. A 1941 ministan kuɗi Kingsley Wood ya ɗauki alkawarin hana shi hawa, aka zuba tallafi a kan kayan da ke da nauyi a kwandon, irin su burodi. Ma'aunin ya tsaya cik a wajen kashi 30 sama da yadda yake kafin yaƙi, alhali kayan da bai kula da su ba suna ta tsada. Sai a 1947 aka sauya shi.

Mu ma ba baƙin abu ba ne a wurinmu. Da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta sabunta kwandonta, hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, ba don masara ta yi araha ba.

Saboda haka, kafin ka sa adadi a rubutunka, ka tambaya: kwandon wace shekara aka auna?