Barde a Kan Marmara: Nazarin Mutum-mutumin Kabarin Guidarello Guidarelli na Ravenna

Tsakure

Maƙalar ta nazarci mutum-mutumin marmara da aka sassaƙa domin kabarin Guidarello Guidarelli, wanda ake jingina wa masassaƙin Benis Tullio Lombardo a 1525. Ta kafa hujja da tazarar shekara 24 da ke tsakanin mutuwar mamacin da sassaƙar, da kuma siffar aikin, don nuna cewa manufar danginsa ita ce gyara labarin mutuwarsa, ba adana kamanninsa ba.

Mutumin da Mutuwarsa

Guidarello ɗan babban gida ne a Ravenna, a zamanin da birnin yake ƙarƙashin Jamhuriyar Benis, wato daga 1441 zuwa 1509. Sarkin Daular Rum Mai Tsarki, Frederick na 3, ya naɗa shi barde a 1468. Sana'arsa yaƙin haya ce, kamar da yawa daga cikin 'ya'yan manya na Italiya a lokacin. Ya yi wa Benis aiki, daga baya ya shiga rundunar Cesare Borgia, ɗan Fafaroma Alekzanda na 6, wanda yake cin garuruwan yankin Romagna ɗaya bayan ɗaya.

Bai mutu a fagen fama ba. A watan Maris na 1501, a garin Imola, aka sare shi a wata rigima, kuma ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce musabbabin riga ce mai aikin zinare da ya ba wani soja aro, aka hana shi abinsa. Akwai masana tarihi da ke ganin rigar fakewa da guzuma ce kawai, domin ana zargin yana kai wa Benis rahoto a ɓoye. Ko wanne aka ɗauka, ba mutuwar da dangi za su yi alfahari da ita ba ce. Ya yi jinya har ya samu damar barin wasiyya, aka kai gawarsa cocin San Francesco a Ravenna. Sai a 1525 wani daga dangin matarsa, Benedetta del Sale, ya ba da aikin sassaƙar.

Abin da Marmarar ta Nuna

Yana kwance rigingine cikin sulke tun daga kai har ƙafa. An ɗora hannayensa ɗaya bisa ɗaya a kan takobin da ya miƙe a tsawon jikinsa. An ɗage murfin kwalkwalin, kan ya ɗan karkata gefe, kumatu sun faɗa, fatar ido ta yi nauyi, leɓɓa sun ɗan rabu kamar numfashin bai gama fita ba. Sulken a sandare yake, aikinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk gwanintar a fuskar aka zuba ta.

Wannan bambanci ne ya sa wasu suka ce daga zubin fuskar gawa aka kwaikwayi fuskar. Hujjar ba ta gamsar da mai wannan nazari ba. Tullio, ɗan Pietro Lombardo wanda ya yi aikin kabarin Dante a 1483 daura da cocin San Francesco, ya yi suna ne wajen fuskokin da ya aro daga sassaƙar Rumawan da, kamar yadda ake gani a kabarin shugaban Benis Andrea Vendramin, da mutum-mutumin Adamu da ke birnin New York a yau. Irin wannan masassaƙi ba ya buƙatar gawa kafin ya ƙago fuskar mai cikawa. Abin lura kuma, babu rauni ko ɗaya a jikin. Mutumin da aka sara kan riga an kwantar da shi da takobinsa a ƙirji, sai ka ce ya faɗi yana kare tuta.

Lokacin ma yana da magana. A 1509 Ravenna ta koma hannun Fafaroma, a 1512 kuma sojojin Faransa suka washe ta bayan ƙazamin yaƙi a bayan ganuwarta. Gidan da ke son a ci gaba da lissafa shi cikin manya bayan wannan rugujewa yana da dalilin kashe dukiya a kan barde na marmara, ya kuma ɗauko masassaƙi daga Benis.

Matsalar Jingina Aikin

Wasu masana na ƙarshen ƙarni na 20 sun yi shakkar cewa hannun Tullio ne, har da masu ganin an sake sassaƙa aikin a ƙarni na 19. Abin da ya dagula hukunci shi ne halin da fuskar ta shiga. A 1827 aka mayar da mutum-mutumin makarantar zane ta Ravenna, a 1935 aka kai shi baje koli a Faris, sunansa ya watsu, tare da camfin cewa duk budurwar da ta sumbace shi za ta yi aure kafin shekara ta zagayo. Mata suka yi ta tururuwa. Marmara kuwa tana shan maiƙo, jan-baki ya ratsa ta, aka yi ta wankewa ana gogewa. Sawun kurfi da yanayin sulɓin dutse su ne shaidun da ake gane hannun masassaƙi da su, kuma a leɓɓa da kumatu, inda gardamar ta fi zafi, nan ne suka fi gogewa. Yanzu yana gidan adana kayan fasaha na birnin Ravenna, an hana taɓa shi.