Daga Dama Zuwa Hagu: Tarihin Jerin Fedojin Jita

Duk wanda ya taɓa kallon makaɗin jitar lantarki a kan dandamali zai lura da wasu 'yan akwatunan ƙarfe jere a gaban ƙafarsa, yana taka su ɗaya bayan ɗaya. Su ake kira feda, kamar dai fedar keke. Abin da nake son in tattauna a wannan maƙala shi ne yadda aka yi waɗannan akwatuna suka sami jeri, wato wanne ke gaba, wanne ke baya, da dalilin da ya sa sauti ke bin su daga dama zuwa hagu. A ganina wannan jeri bai faɗo daga sama ba, tsautsayi da bukata ne suka haife shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san hanyar da sauti ke bi. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. In an kaɗa tsirkiya, sai ya mai da girgizarta 'yar ƙaramar wutar lantarki. Wutar nan ta bi waya ta shiga feda ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, har ta kai ga amfilifaya da lasifika. Kowace feda tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma ba ta san jita ba, abin da ta gabanta ta miƙo mata shi kaɗai take sarrafawa. Mu ɗaliban harshe mun san wannan sarai. "Kare ya ciji yaro" da "yaro ya ciji kare" kalmominsu ɗaya ne, amma labari biyu ne.

Feda ta farko da ta yi suna daga ɓarna ta samo asali. A birnin Nashville na Amurka, yayin ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fito a 1961, wani sashe na na'urar ɗaukar sauti ya lalace, sai kiɗan Grady Martin ya fito da ƙarar zuma a cikin kwalba. Jama'a suka so abin. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya shirya wani akwati da zai riƙa ba da wannan ƙara da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da shi kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Irin wannan feda ita ake kira faz. Ba ta samu kasuwa sosai ba sai a 1965, da Keith Richards ya yi amfani da ita a waƙar "Satisfaction". A wannan lokaci babu maganar jeri, domin mai akuya ɗaya ba ya tunanin wadda zai sa a gaba.

Matsala ta kunno kai ne da fedoji suka yawaita. A 1966 aka ƙera Fuzz Face a Landan, a 1967 kuma fedar wa-wa ta Vox ta shiga kasuwa. (Kada sunan ya ruɗi Bahaushe, kwaikwayon kukan da take yi ne, ba wauta ba.) Wa-wa tana zaɓen wani yanki na sauti ta ɗaga shi, faz kuwa tana murƙushe duk abin da aka ba ta. In wa-wa ce a gaba, faz za ta murƙushe abin da aka zaɓa mata. In faz ce a gaba, wa-wa za ta tace abin da aka riga aka murƙushe, sautin ya fito da kaifi. Ga kuma wani hali na Fuzz Face: ta fi jin daɗi in ita ce ke manne da jita kai tsaye, domin a nan ne makaɗi zai iya rage maɓallin ƙarar jita ya ji sautin ya washe. In aka sa wata feda a tsakani, sai wannan zumunci ya ɓaci. Duk da haka, a bikin Woodstock na watan Agusta 1969, Jimi Hendrix ya sa wa-wa a gaba, faz na bin ta, sannan Uni-Vibe mai karkaɗa sauti, kafin amfilifayar Marshall. Makaɗa da yawa suka bi sahunsa.

To, me ya kawo dama da hagu? Injiniyoyi suna zana taswirar lantarki daga hagu zuwa dama, kamar rubutun boko, amma fedoji suna tafiya kamar ajami. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne jikin makaɗi. Galibin masu kiɗa da hannun dama suke yi, kuma wayar jitarsu ta ɓangaren dama take saukowa. In ƙofar shiga tana dama, waya ba za ta gitta gaban ƙafa ta harɗe mai ita ba. Fedojin farko ba su da tsari ɗaya, kowane maƙeri da nasa. Amma da kamfanin Boss na Japan ya soma fitar da ƙananan fedojinsa a 1977, shiga a dama, fita a hagu, kuma suka cika duniya, sai tsarin ya zauna. Bahago irin Hendrix, ko Mdou Moctar na Nijar a zamaninmu, sai dai ya yi haƙuri da abin da aka shirya domin na-dama.

Fedojin amsa-kuwwa su ne suka ƙarasa jerin. Tun da aikinsu maimaita sauti ne, hankali ya nuna a sa su a ƙarshe, su maimaita abin da aka gama gyarawa. In aka sa su gaban faz, sai maimaicin ya cakuɗe ya zama kunu. Wannan ne ya sa daga ƙarshen shekarun 1970 aka soma yi wa amfilifaya wasu ƙofofi biyu a baya, domin a jona amsa-kuwwa bayan sashen da ke kaurara sauti. Ta haka aka sami jerin da ake koyarwa a yau: mai saita tsirkiya, wa-wa, faz da danginta, masu karkaɗa sauti, sannan amsa-kuwwa.

Sai dai tarihi bai bar wannan doka ta yi barci ba. A waƙar "Echoes" ta ƙungiyar Pink Floyd a 1971, kukan nan mai kama da na tsuntsayen teku ya samu ne da David Gilmour ya kaɗa ta cikin wa-wa da aka jona a baibai, fita a wurin shiga. A farkon shekarun 1990 kuma wasu matasan Ingila da Ailan suka riƙa sa amsa-kuwwa gaban faz da gangan, suna neman kunun nan da kowa ke gudu. Yawan sunkuyawarsu ga fedoji ya sa aka yi musu laƙabi da masu kallon takalmi.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda ya haddace jerin nan bai san dalilinsa ba, ranar da aka miƙa masa sabuwar feda zai tsaya cirko-cirko. Wanda kuwa ya fahimci cewa kowace feda abin da aka ba ta take ci, shi ne zai iya bin doka in ta yi masa, ya karya ta in sautin da yake nema yana wani wurin.