Zoben tsokar Oddi

Zoben tsokar Oddi wata ƙaramar tsoka ce mai siffar zobe da ke kewaye da bakin bututun da ke zuba ruwan maɗaciya a cikin ƙaramin hanji. Tana nan a sashen farko na ƙaramin hanji, wanda ake kira diyodinam, daidai inda bututun maɗaciya ke haɗuwa da bututun fankiriyas. Tsawonta kimanin santimita ɗaya ne, kuma tana aiki ba tare da mutum ya sani ba.

Tarihi

Likitan Ingila Francis Glisson ya ambaci wannan tsoka tun a ƙarni na 17. Amma Ruggero Oddi, ɗan ƙasar Italiya, shi ne ya yi cikakken bayaninta a shekarar 1887, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Perugia, shi ya sa aka sa mata sunansa.

Yadda take aiki

Hanta na samar da ruwan maɗaciya dare da rana, kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya a kullum. Idan babu abinci a hanji, zoben yakan kasance a tsuke, sai ruwan ya koma cikin jakar matsarmama, inda ake ajiye shi har ya yi kauri.

Da zarar abinci mai maiƙo, kamar ƙosai ko soyayyen nama, ya baro tumbi ya shiga diyodinam, bangon hanjin yakan saki wani sinadari mai suna kolesistokinin, wanda aka gano a shekarar 1928. Sinadarin yana sa matsarmama ta matse, zoben kuma ya saki, sai ruwan maɗaciya da na fankiriyas su kwarara su narkar da maiƙon. Haka kuma zoben yana hana abin da ke cikin hanji komawa cikin bututun, wanda hakan ke kare hanta da fankiriyas daga ƙwayoyin cuta.

Matsaloli

Tsakuwar matsarmama na iya gangarowa ta maƙale a bakin zoben. Idan ta toshe hanya, ruwan maɗaciya yakan taru ya shiga jini, sai a ga alamun shawara: idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Idan har bututun fankiriyas ya toshe, fankiriyas na iya kumbura, kuma wannan na iya yin kisa. Masu cutar sikila, waɗanda ke da yawa a arewacin Najeriya, sun fi saurin samun irin wannan tsakuwa tun suna yara, saboda jajayen ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa.

Wani lokaci zoben kansa ne ke ƙin sakewa, ko saboda tabo ko saboda ɗaurewar tsoka. An fi ganin haka ga waɗanda aka cire wa matsarmama, musamman mata, kuma yana zuwa da ciwo mai tsanani a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Magunguna irin su mofin da kodin suna sa zoben ya ɗaure. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda matasa ke shansa a Kano da wasu biranen.

Magani

Likitoci kan fara da gwajin jini da hoton ciki. Idan akwai toshewa, ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki har zuwa diyodinam, a ɗan tsaga zoben, a fitar da tsakuwar. An fara wannan aiki a Jamus da Japan a shekarun 1970. Yana iya jawo kumburin fankiriyas, don haka ba a yin sa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ciwon ciki da ya zo tare da zazzaɓi da rawayar ido na buƙatar asibiti cikin gaggawa.